Rasuwar Baba Mai Kwalabe da Roƙo ga Mai Tumakin Nan Uku

Cikin alhini da raunin zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ke sanar da jama'a labarin rasuwar dattijonmu, malaminmu, Babban Jami'in Ɗibar Jini na Sashen Binciken Cutar Shuɗin Harshe, wanda babba da yaro suka fi sani da Baba Mai Kwalabe. Allah Ya yi masa rasuwa da hantsin ranar Alhamis bayan gajeriyar jinya, kwana huɗu kacal da dawowarsa daga zagayen garkuna, kuma an yi masa sutura a ranar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayin ya shafe shekara ashirin da shida yana bin sawun wannan cuta, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo, da ba su kai sauro girma ba, ke ɗauka daga dabba zuwa dabba, har ka ga tunkiya ta kumbura fuska, tana dalalar da yawu, tana ɗingishi, wani lokaci harshenta ya yi shuɗi. Shi ne ya fara jawo hankalin manyan likitocinmu ga cewa a yankin da muke aiki shanu kan riƙe ƙwayar cutar suna kiwonsu lafiya lau, tumakin da ke kwana kusa da su kuma su yi ta faɗuwa. Duk wata takarda da Cibiyar nan ta taɓa fitarwa kan yaɗuwar cutar, to daga kwalaben jinin da ya ɗauko a bayan tsohuwar motarsa ta fito, ko da yake ba kasafai sunansa ke hawa saman takardar ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɗaga maganar ba.

Ba kowane makiyayi ke bari a soka wa dabbarsa allura a zuƙi jini ba, domin tsoron kada a ce garkensa na da cuta a guje shi a kasuwa. Marigayin ya shawo kansu ne da alkawari guda: ba zai taɓa rubuta sunan kowa ba. Abin da yake rubutawa a jikin kwalba shi ne kamannin dabbar, wato ka ga "baƙar tunkiya mai yankakken kunne" ko "ragon da ya ture ni", sunan mai ita kuwa yana cikin kansa, kuma da ƙafarsa yake komawa ya faɗa wa mutum sakamako a kunne. Mun sha yi masa faɗa a kan haka, kuma mai wannan rubutu na sahun gaba, don na taɓa bin sa har bakin mota da fom a hannu ina masifa. Dariya kawai ya yi, ya ce in kai wa tumakin fom ɗin su cike da kansu, tun daga ranar kuma ya laƙaba mini Malam Fom.

Wallahi muna kewarsa. Takalman robarsa na nan a bayan ƙofar ɗakin gwaji da busasshen taɓo a jikinsu, an rasa mai ƙarfin halin kawar da su. Babu mai shigowa da safe ya buɗe firji yana gaida kwalabe ɗaya bayan ɗaya kamar ya shiga gidan 'yan uwa, babu mai tsokanar Shugaban Sashe cewa ya san cutar a littafi amma rago bai taɓa taka masa ƙafa ba. Har yanzu idan mota ta tsaya a tsakar gida sai kawuna su ɗago.

Hukumar Gudanarwa, a madadin Mai Girma Shugaban Cibiya, na miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, Hajiya, wadda ta sha wanke rigunan da ke warin garke ba tare da ta gaji ba, da 'ya'yansa biyar, da jikoki, da 'yan uwa baki ɗaya. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi, mu ma Ya ba mu.

Sai dai akwai maganar da ba za ta jira a share makoki ba. A cikin kwalaben zagayensa na ƙarshe, uku sun nuna wani nau'in cutar da rigakafin da ake yi a yanzu ba ya tarewa, sakamakon kuma ya fito ne washegarin jana'izarsa. Da yake kowane garke da alamar da yake yi wa kwalabensa, waɗannan kuma alama ɗaya ce a kansu, ma'ana garke ɗaya ne, ga abin da ya rubuta: "farar tunkiya mai tabo a goshi", "uwar tagwaye mai tari", da "ja mai ƙararrawa". Mun binciki jakarsa, mun tambayi Hajiya, ta ce ko ita bai taɓa faɗa wa sunan mutum ɗaya ba. Ga damina na matsowa, lokacin da ƙwarin ke hayayyafa a wurare masu laima, kuma idan ba a kai ga garken nan da wuri ba, tumakin mai shi ne za su fara tafiya, sannan na maƙwabta.

Ya kai bawan Allah mai waɗannan tumaki, mun san kana can kana duban hanya, kana jiran ya zo maka da labari kamar yadda ya saba. Ba zai zo ba. Amma amanar da ya ɗauka yanzu tana wuyanmu: babu mai ƙwace maka dabba, babu mai kai sunanka kasuwa. Ka zo ofishinmu kowace rana, ko ka aiko wanda ka yarda da shi, ka ce wurin Baba ka zo. Ni da kaina zan tarbe ka, kuma ba zan tambaye ka sunanka ba.

Sa hannu:
Malam Fom,
Kakakin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi,
A madadin Hukumar Gudanarwa.