Littattafan Kisan Kai Sun Sa Ina Zargin Yayata

Gwaggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki daure ki karanta har ƙarshe ko da kin ga ina ta kewaye-kewaye. Maganar da zan faɗa miki ko ƙawata ta ƙut da ƙut ban faɗa wa ba, don ni kaina idan na furta ta a fili sai in ji kamar na zagi uwata.

Shekarata talatin da ɗaya. Aikina ɗinkin littattafai ne a wani shagon ɗab'i. Ana kawo mana waɗanda suka yage ko bangonsu ya fita, in ɗinke, in shafa gam, in danne su da ƙarfe su kwana biyu. Kafin mai littafi ya dawo karɓa na karance shi tas. Ta haka na kamu da son littattafan bincike, irin waɗanda ake tsintar gawa a babin farko, a yi ta bin sawu har a kamo wanda ya yi aika-aikar. Abin da ya sa nake son su shi ne ba sa raina wa mai karatu hankali. Marubucin kirki yana baje maka komai a faifai tun farko: ƙofar da aka bari a buɗe, kofin da aka wanke shi kaɗai, mutumin da ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. In ka kasa ganewa laifinka ne. Waɗanda nake jin haushi su ne masu jawo wani baƙo a shafin ƙarshe su ce shi ne, wannan ai ha'inci ne.

Yayata kuwa, wadda ta girme ni da shekara takwas, ta fi son na aljanu da fatalwa da gidajen da ake jin tafiya a cikinsu ba kowa. Mun shekara muna musu a kan wannan, muna dariya. Ni in ce mata marubutanta malalata ne, duk inda labari ya cije musu sai su jefo aljani ya warware. Ita kuma ta ce nawa littattafan suna ɓata zuciya, domin a nata mugun abu daga waje yake shigowa, 'yan gida su haɗa kai su kore shi, a nawa kuwa mugun yana zaune a kan tabarma ɗaya da kai, yana miƙo maka gishiri. Gaskiya dai, ban taɓa yarda a gabanta ba, amma nata sun fi nawa iya tayar da tsikar jiki.

Yanzu mun daina wannan musun. Ga dalili.

Mu biyu ne muke zaune da Babanmu. Tsohon direban motar kashe gobara ne, mutumin da ya sha shiga cikin hayaƙi, ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba. Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, amma hankalinsa garau. Sai muka raba kwana, yau ni in zauna da shi Yaya ta tafi kamfanin ɗinkin da take aiki, gobe ita ta zauna ni in tafi shago.

Wata biyu ke nan, wata Talata na dawo daga shago wajen ƙarfe biyar, rana ko faɗuwa ba ta yi ba. Na tarar da Baba a kujerarsa ta bakin taga, rediyonsa a kashe, ya ƙura wa lungun da ke tsakanin kabad da bango ido. Na gaishe shi bai amsa ba. Can sai ya janye ƙafarsa mai lafiyar kamar mai ba wani hanya, ya ce da ni cikin raɗa in kawo wa baƙuwar kujera, ta daɗe a tsaye, kuma kayanta a jiƙe suke suna ɗiga a kan tabarma. Na taɓa goshinsa, zafi rau, ba gumi ko ɗis. Leɓɓansa sun bushe, baƙin idonsa ya buɗe fiye da yadda na saba gani. Washegari ya tashi lafiya ƙalau, har yana tsokanata wai na ƙona masa burodi. Bai tuna komai ba.

Abin ya sake faruwa, ya kuma sakewa. Wani lokaci matar ce, wani lokaci ya ce ƙananan mutane ne ke hawa labule. Yaya ta ce ba wata tantama, an shigo mana gida ne, tun ranar da maƙwabta suka tone tsohuwar rijiyar da ke bayan katangarmu ta ji jikinta bai ba ta ba. Ta kawo masu addu'a har sau biyu. Da na ce mu koma asibiti sai ta ce wannan ba ciwon likita ba ne, kada mu wahalar da tsoho a layi.

Ni kuma, Gwaggo, halin karatuna ya motsa. Na fara sa ɗigo a kalandar da ke cikin jakata duk ranar da abin ya tashi. Ɗigo goma sha ɗaya na yi. Da na zauna na duba sai na ga dukkansu sun faɗo ne a ranakun Yaya. Ko ɗaya babu a nawa. A tsakiya akwai kwana huɗu da kamfaninsu ya tura ta wani gari, a kwanakin nan Baba ko ciwon kai bai yi ba.

Na yi ta ba kaina haƙuri cewa dacewa ce kawai. Sai ran nan ina zubar da shara na ga fankon takardar ƙwayoyi a ƙarƙashin jiƙaƙƙen ganyen shayi, gurbi goma duk an ɓalle. Magungunan Baba uku ne, na san su kamar sunana, wannan ba ya cikinsu. An yanke gefen da sunan yake da almakashi. Na goge takardar, na sa ta a tsakiyar littafin da nake karantawa, na mayar kan kanta a ɗakina. Bayan kwana biyu na buɗe, babu ita. An mayar da littafin a kife, kuma an naɗe kusurwar shafin da take. Ni mai ɗinkin littafi ce, ko da wasa ba na naɗe shafi.

Tun daga ranar Yaya ta tsiri haɗa min shayi da safe, abin da rabonta da yi tun ina makarantar firamare. Sai ta miƙo min, ta jingina da ƙofar kicin, ta tsaya tana kallona har sai na kai kofin baki. Nakan yi kamar na kurɓa, in ta juya in tuttular. Rannan na juye shi a wata 'yar kwalba na tafi da ita shago. Tana nan a aljihun teburina tsakanin gwangwanayen gam. Duk sanda na buɗe na gan ta sai kunya ta rufe ni.

Domin wannan matar ita ta raine ni. Ina shekara tara Mama ta rasu, Yaya ta ajiye karatunta ta riƙe gidan. Ita ta yi min kitso, ita ta goya ni zuwa asibiti da na taka kwalba. Mijinta ya rasu ta dawo gida ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma littattafan nan sun koya min tambayar wa zai amfana, kuma na san sau biyu kamfaninsu na ba ta shugabancin sabon reshe a nesa, sau biyu tana ƙi saboda Baba ya ce ba inda za shi. Na ga fuskarta ranar da ta ƙi na biyun.

Kada in ɓoye miki, akwai abin da ya ƙara rikita ni. Jiya, a ranata, da rana tsaka, na shiga share ɗakin Baba na taka tabarmar lungun nan, na ji ta a jiƙe sharkaf. Na fito da gudu kamar yarinya, ni da nake yi wa Yaya dariya.

Gwaggo, karatu ne ya taɓa min ƙwaƙwalwa, ko kuwa ido ya buɗe min? In tunkare ta? In kai ƙara? Ko in tattara littattafan in cinna musu wuta in roƙi Allah gafara? Jibi ranarta ce kuma.

Taki,
Autar Baba

Autar Baba,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun a tsaye. Zan fara da abin da ba ya jira: ki kai mahaifinki asibiti. Ba sai Yaya ta amince ba, ke ma 'yarsa ce. Dattijo mai hawan jini da ke ganin mutanen da babu su, jikinsa na zafi, bakinsa na bushewa, ba a zama da shi a gida ana muhawara. Ki zuba duk magungunansa a jaka, har da na shafawa da na gargajiya in akwai, ki tafi da kalandarki. Ki nemi ganin likita ke kaɗai na minti biyar, ki faɗa masa abin da kika faɗa min, har da takardar da ta ɓace, ki roƙi a yi gwaji. In abin ya tashi kafin nan, a wannan sa'ar za ki ɗauke shi, domin a lokacin gwaji ya fi nuna gaskiya. Kada ki dakatar masa da magungunansa uku da kanki. Kwalbar nan ma ki nuna wa likitan, shi zai gaya miki ko tana da amfani. Addu'a kuwa a ci gaba da ita, ba ta taɓa hana kowa shiga mota zuwa asibiti ba.

Karatu bai haukata ki ba. Ni ma ina karanta iri biyun, kuma naki sun yi miki rana, domin su suka koya miki lura da ƙirga kwanaki a lokacin da kowa ya tsaya kallon rijiya. Amma ki san inda suke ƙarya. A cikin littafi duk abin da aka ambata da dalili aka ambace shi, kuma dole a samu mai laifi kafin takarda ta ƙare. Gidan mutane ba haka yake ba. Tabarma takan jiƙe saboda bango na tsattsafo ruwa, ko saboda tsoho ya zubar da kofi ya ji kunyar faɗa. Ki ɗaga ta ki duba bangon.

Abin da kike da shi a hannu ya isa a damu, amma bai isa a yanke hukunci ba. Kin san ranakun, ba ki san niyya ba. Na sha samun wasiƙu daga masu jinya da gajiya ta kai su maƙura, wani mai kanti ya ba su ƙwaya ya ce tana sa tsoho barci, suka riƙa bayarwa don su samu awa biyu su miƙe baya, ba su san wasu magungunan da muke rainawa suna birkita tsofaffi ba. Idan suka fara zargin kansu sai tsoro ya sa su ɓoye, su kama labarin aljanu hannu bibbiyu saboda ya fi sauƙin ɗauka. Yana yiwuwa kuma Baba ne da kansa yake haɗiyar wani abu a ranar da ya san ba a sa masa ido. Shayin safen nan zai iya zama neman sulhu daga wadda ta kasa buɗe baki. Zai kuma iya zama abin da kike tsoro. Ba zan ce miki ba zai yiwu ba, don ban san Yayarki ba. Saboda haka ki ci gaba da haɗa abin shanki da hannunki, ba tare da kin mayar da shi abin faɗa ba.

Kada ki tunkare ta ku biyu a kicin, kuma kada ki ruga wurin hukuma da kalanda kawai. Ki samo mutum na uku mai hankali daga dangi, kawu ko inna, ya zo ya zauna da ku na ɗan lokaci da sunan taya jinya. Daga ranar, magani ya koma hannun mutum ɗaya, a kulle. Jibin da kike tsoro, ki nemi hutu a shago ki zauna a gida. Idan gwaji ya nuna an ba shi abin da ba a rubuta masa ba, to a gaban wannan babban za a tambaye ta, kuma a fara da tambayar yaushe rabonta da hutawa. Idan ya bayyana da gangan ne, ran mahaifinku ya fi sirrin gida, a sanar da hukuma. Idan kuma ta fita fes, ki nemi gafararta a zuciyarki, sannan ku zauna ku yi maganar aikin nan da ta ƙi har sau biyu, domin mace ba za ta ba da ƙuruciyarta ta kuma ba da sauran rayuwarta ana kallo ba.

Littattafanki kada ki ƙona su. Ki dai ajiye su zuwa lokacin da gidanku zai lafa.

Masu karatu su sani, ban jira ranar fitowar wannan shafi ba. Ranar da wasiƙar ta iso na tura wannan amsa ta lambar da aka rubuta a bayan ambulan, na kuma kira sau uku wayar a kashe. Yau kwana tara ke nan. Auta, in idonki ya kai kan wannan shafi, ki turo min ko da kalma ɗaya ce. In kuma wani ya gane gidan daga abin da ya karanta, ya daure ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya gaida tsohon. Allah ya ba Baba lafiya, ya tsare ki, ya sa abin da za a gano ya zo da sauƙi a gare ku duka uku.

Gwaggonku