Muzurun Hanifa da Tauren Baffa

Daren Laraba, Yuni 2021, unguwar Wangsa Maju, ƙasar waje

Yau Abban Hanifa ya ƙi cin tuwona saboda muzuru. Matar da ke kwashe magunan titi ce ta ba Hanifa shi, da sharaɗin a yi masa fiɗiya, in ba haka ba ta karɓe abinta. Na amince. Shi kuwa wai zalunci ne.

Na ce, "Abban Hanifa, tauren da Baffanka yake turkewa duk shekara fa? Haka aka haife shi?"

Wai ai wannan don nama ne. Au, in don cikinmu ne babu laifi ke nan?

Shi ba ya sauka zubar da shara. Ni na ga 'ya'yan mage a kwata, bayan shagon abincin nan da ake ce wa mamak, wanda kullen korona ya rufe. Babu mai jefa musu ko ƙashi. Biyu sun mutu, uwar tana ta lasarsu.

Tun da aka rufe makaranta yarinyar nan ba ta yi dariya ba sai da muzurun ya zo. Gobe zan ɗaura takunkumina in kai shi asibitin dabbobi. Tuwo yana tukunya. In yunwa ta ishi Abban Hanifa, ya san hanyar kicin.