Tagar Inna da Bangon Asbesto

Hajiya Ikilima, ki taimake ni kafin Asabar, don ranar ce kafinta zai zo da injin yanka.

Ni dillalin albasa ne a kasuwar Talata Mafara. Shekara ashirin ina cusa hannu a buhu in gane ruɓaɓɓiya tun ban gan ta ba, amma gida ɗaya na saya ya mai da ni baƙo. Bara na samu ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen ma'aikata na zamanin aikin dam ɗin Bakolori, da araha, kuma babu rumfar da ban shiga na ba da labari ba. Ɗakin gaba na bulo ne, mai taga biyu, shi na ware wa kaina. Na baya kuwa bangonsu wasu alluna ne masu launin toka, kamar siminti, gara ba ta ci, wuta ba ta kamawa.

Na yi wa Inna, mahaifiyata, alkawarin ɗauko ta daga Maradun kafin damina. Sharaɗinta ɗaya ne, babbar taga, don tana da tari, ɗaki mara iska shaƙe ta yake yi. Na kira Ɗanlami kafinta, har ya zana da gawayi inda zai yanka a bangon ɗakin baya da na ware mata. Sai ga 'yata Nusaiba, mai karatun lafiya a Gusau, ta zo hutu. Ta tsinci gutsuren allon a gindin bango, ta nuna mini zare-zare farare a bakinsa, ta ce asbesto ne, ƙurarsa na lalata huhu. Na ce mata maƙwabcina Mas'udu shekara talatin yana cikin irin gidan nan, kuma har gobe shi ke share kwano a gidan suna. 

Bari in faɗi wadda ban faɗa wa kowa ba. Dabarar farko da ta faɗo mini ita ce in ɓaɓɓalle allunan in sayar wa wani manomi a Bakura da ke son yin rumfar albasa, in ja bakina. Ban yi ba tukuna. Ga uwargida ta daɗe tana shanya kuɓewa a kan wani fasasshen allon. Inna kuwa har ta ɗaure kaya, ta sallami maƙwabta. Ina mafita?

Mai Albasa, Talata Mafara

Malam Mai Albasa, fara da kiran Ɗanlami yau ɗin nan, ka ce masa kada ya zo.

Kai da Nusaiba kowa na da gaskiyarsa. Allon da ke zaune lafiya, ba a taɓa shi, haɗarinsa kaɗan ne. Sai an yanka, an huda ko an kankare ƙurar ke tashi, kuma cutar kan ɗauki shekaru da yawa kafin ta bayyana, don haka cin tuwon Mas'udu ba shaida ba ne. Ido kaɗai ba ya tabbatarwa, sai gwaji, amma shekarun gidan da zaren nan sun isa ka ɗauke shi a matsayin asbesto.

Ka bar bangon yadda yake. A goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, a shafa fenti hawa biyu, ba kankarewa. Fasassun a yayyafa musu ruwa, a naɗe cikin leda mai kauri riɓi biyu, har da na shanyar kuɓewa. Kada a ƙone, kada a zuba a hanyar ruwan noman rani, kada a yi sharar wurin a bushe. Ka tambayi duba-gari inda ake kai irinsu. In wata rana cirewa ta zama dole, a nemi masu kayan kariya na aikin, takunkumin kasuwa ba ya tare wannan ƙura. Tarin Inna kuma a kai ta likita ya duba.

Manomin Bakura ka ƙyale shi. Da zuciyarka ta yarda da wannan ciniki, ai da ba ka rubuto mini ba.

Saura taga. Kai da bakinka ka ce akwai ɗakin bulo mai taga biyu. Taga ɗaya Inna ta roƙa, ka ba ta biyu, ka kwashe kayanka ka koma baya. Wannan labarin ma ya fi na arahar daɗin bayarwa a rumfa. Allah Ya kawo Inna lafiya, Ya yi wa Nusaiba albarka, kai kuma Ya sa albasa ta yi daraja.

Hajiya Ikilima