Kujerar Mama Yemima

Kafanchan, Litinin

'Yata Zipora,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya jikin kakarki? Ki gaya mata mu 'yan kwamiti mun gama shirin bikin cikarta shekara ɗari. Matar da ta koya mana karatu, ta karɓi haihuwar rabin ƙauye, ta yi ta zirga-zirga har aka haƙa mana rijiya, ai ba za mu yi mata bikin jeka-na-yi-ka ba. Fili ne ya yi kaɗan, sai na turo masu inji daga nan suka sare tsofaffin mangwarorin bayan asibiti, don a kafa rumfuna. Babban cikinsu na sa kafinta ya yi mata kujera da shi. Kada ki faɗa mata wannan, a ranar za ta gani.

Kawunki, Azariya

Fadan Kagoma, Laraba

Kawu,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Wa ka tambaya? Jiya na tura Mama a kekenta zuwa asibiti kamar kullum, ta ga kututturan mangwarorin. Ƙirga su kawai ta yi, sha tara. A gida ta gaya mini cewa shekarar ƙyanda yara sha tara suka mutu a hannunta, ta dasa wa kowanne itace ɗaya, don iyaye ba sa son a ambaci sunayensu. Ita kaɗai ta san na wane ne wane. Tun jiya ko kunu ta ƙi sha, ta ce a bar bikin. Na gaya mata zancen kujerar ma, ban iya ɓoyewa ba.

Zipora

Kafanchan, Alhamis

Mama,

Na durƙusa ina gaisuwa. Na ba direba wannan takarda don ba ni da idon da zan kalle ki. Kunya ta kashe ni, Mama. Na sha waɗannan mangwarori ina yaro, har kin taɓa ja mini kunne a kan jifansu, ban taɓa tambayar wanda ya dasa ba. So nake a ce bikin Azariya ya fi na kowa, gaskiyar ke nan. Na ajiye shugabancin kwamiti. Kujerar tana shagona na rufe ta da buhu, in kin yarda zan ƙone ta. Ki zo bikin saboda jama'a, ni ba zan zo ba. Ki gafarta mini.

Tsohon ɗalibinki marar hankali, Azariya

Fadan Kagoma, Asabar

Azariya,

Na amsa gaisuwarka. Zipora ke rubutawa, ni nake faɗa. Tun kana aji biyu haka kake, hannu kafin kai. Za ka zo, ka taho da dashe sha tara da fartanya, kai za ka yi haƙa a gaban mutane. Ka kawo alƙalami kuma, zan faɗi sunayen ka rubuta. Laifina ne da na riƙe su ni kaɗai.

Kada ka ƙone kujerar. Babban itacen na Boaz ne, yayanka, wanda mamarka ba ta taɓa ba ka labarinsa ba. A bayana ya cika. Na goya shi, yanzu shi ma ya ɗauke ni.

Ubangiji ya kiyaye hanya.

Malamarka, Yemima