Ramin Aysanem

Litinin, 4 ga Maris
Jikata Aysanem ta iso daga birnin Nukus da shebur da jakunkuna. Shekaru tana karatun ƙasa, ƙarshe ta dawo tana lasarta kamar akuya. Na ce, "Likitar turɓaya, shayi ko yashi zan zuba miki?" Ta ce, "Kaka, shayinki ma ai gishiri ne." Ja'ira. Ruwan rijiyar ne, ba hannuna ba.

Laraba, 6 ga Maris
Ta haƙa rami tsakanin itatuwan tuffar da marigayi Tolibay ya dasa shekarar aurenmu. Na leƙa na ce in kabarina ne ta ƙara faɗi, ni mai juyi ce a barci. Ba ta yi dariya ba. Ramin bai kai ƙugunta ba ruwa ya tsattsafo, ruwan toka, mai ɗaci.

Ta ce kada in wanke gona bana. Ni da tun ina budurwa kowane ƙarshen sanyi muke sakar wa gona ruwa ya kwana, ya tafi da gishiri! Wai babban magudani ya toshe, ruwan ba shi da mafita. Zai haɗu da na ƙasa ya tura gishirin sama, har saiwa. "In kin wanke, kin kashe su, Kaka." Na ce kakanki bai je jami'a ba, amma tuffarsa kika ci kika yi kumatu.

Asabar, 9 ga Maris
Ta faɗa wa maza a taro. Maƙwabcinmu Sarsenbay ya ce wadda ba ta iya riƙe miji ba ce za ta riƙe musu ƙasa? Aka yi dariya. Ni ma na ɗan yi, Allah Ya yafe mini. Ta dawo ta ci gurasa a tsaye.

Alhamis, 14 ga Maris
Ta koma aiki. Layin ruwa ya zo kaina, na buɗe.

Juma'a, 26 ga Afrilu
Gona fari fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. Fure ya fito ya zube tun bai buɗe ba.

Laraba, 12 ga Yuni
Itatuwan tuffar duk sun bushe, sai guda ta bakin katanga inda tudu ya hana ruwa isa. Gonar Sarsenbay ma ta ƙone, ya ɗaure kaya zai bi ɗansa Kazakistan. Aysanem ta zo. Na shirya mata baƙar magana tun safe, jira nake ta ce "ai na faɗa". Ba ta ce ba. Ta zauna bakin raminta ta yi kuka, ta ce ƙauye na nawa ke nan, kullum ta auna, ta faɗa, ta dawo ta tarar da gawa. Na zauna kusa da ita.

Litinin, 18 ga Nuwamba
An sako ruwan wankin gona na lokacin kaka, mai rabon ruwa ya ƙwanƙwasa. Na ce ya wuce, bayana ke ciwo. Ciwon baya ne kawai.

Na ɗan ɗanɗana ƙasar gindin tuffar nan guda, ba wanda ya gani. Da sauƙi-sauƙi. Ban cike ramin ba, yarinyar ta ce a duba ruwan kowace Juma'a. Ya sauka kamu ɗaya.