Randa Ta Uku

4 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana Baltazar,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙarfin jiki? Ƙirjin ya daina matse ka da safe? Ƙanwarka Idalina ta ce da ta je asibiti jiya ta tarar ka cinye abincinka tas, na ji daɗi ƙwarai. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Ta ce ba za a sallame ka kafin idin Waliyyi Martinho na sha ɗaya ga wata ba. Kada ka sa abin a ranka. Randunan giyarka uku suna nan a rumfar baya, kuma ranar idi za a buɗe wa mutanen gari kamar kowace shekara. Sai dai dole wani ya fara ɗanɗanawa. Gervasio maƙwabcinmu ya ce shi zai yi, amma ka san shi, ko ruwan wanki aka zuba masa zai ce ta yi. Saboda haka ni zan yi. Kada ka yi dariya, ɗinkin zai yi maka zafi. Shekara talatin da takwas ina tsinkar inabi ina wanke randuna, ban taɓa kai kofin baki ba.

Taka,
Deolinda

9 ga Nuwamba

Baltazar nawa,

Ina gaishe ka, ina fatan kana samun barci. Allah ya ƙara sauƙi.

Jiya da hantsi na ɗanɗana. Na bi yadda nake ganin kana yi: na ɗaga kofin wajen taga, na shinshina, na kurɓa na riƙe a baki. Ta randar farko ta ɗaure mini harshe kamar na tauna ɓawon rumman, har na zaci ta lalace. Da na ci burodi da cuku na sake kurɓa, sai ta sake ni. Ta biyu ba ta da faɗa. Tana ƙanshin ɓauren da muke shanyawa, kuma da na haɗiye sai ɗumi ya sauka har ciki. Na tsaya ni kaɗai ina murmushi. Ashe abin da ke riƙe ka ke nan, ina ta kira abinci na hucewa.

Gervasio ya leƙo ya ce, "Uwargida, giyar yuro biyu ce fa, wannan dogon nazari na mene ne?" Na ce masa mai yuro biyu ma yana da harshe.

Taka,
Deolinda

12 ga Nuwamba

Tsohona,

Gaisuwa da fatan alheri. Idalina ta ce ka fara takawa har bakin ƙofa. Mun gode Allah.

Akwai abin da na ɓoye maka. Randa ta uku, babbar nan ta mahaifinka, da na shinshina ta sai ta soke mini hanci kamar ruwan tsami. Gervasio ya ce in gauraya ta da sauran, ba mai ganewa. Kwana biyu ina juya maganar. Ni wace ce, jiya jiya na fara, da zan kashe maka randa guda? Amma na toshe ta, na ce ba za a sayar ba.

Jiya rumfa ta cika maƙil. Dattijo Amilcar, mai kushe maka giya duk shekara, ya sha ta biyu, ya miƙo kofi a ƙara. Sannan ya nace sai an ɗiba masa ta uku. Na ɗiba masa. Ya kurɓa, ya fita waje ya tofar, ya dawo ya ce, "Wa ya hana a buɗe wannan?" Na ce ni ce. Ya ce, "Ashe mai harshen gidan ce Baltazar ya ajiye a kicin duk shekarun nan, ɗan banza!" Aka kwashe da dariya, ni kuwa na shige ciki na share hawaye.

Kada ka zargi kanka. Makon da ya kamata a riƙa juya inabin da ke cikin randar, a makon ka faɗi. Ni ma hankalina ba ya wurin randa.

Na buga wa likitanka waya. Ya ce sha dai babu, ko ɗigo. Na ce shinshinawa fa? Ya ce wannan ba ya cikin littafinsa. Ina nan tafe ranar Alhamis a motar safe, da 'yar kwalba a jakata. Kai ka shinshina, ni in kurɓa in gaya maka.

Matarka,
Deolinda