Zakara a Gindin Gora

Ƙanƙara, ranar Litinin

Zuwa ga taubashina, Alhaji Almu, a Faskari.

Bayan gaisuwa mai ɗimbin yawa da fatan iyali suna lafiya. Tunda an katse mana layukan waya, wajibi ne manyan al'amura su koma kan takarda. Ka sani cewa tun ranar da babbar motar Kamfanin Lemon Zakara ta rusa kwalbatin unguwarmu, manajansu ya ce mu yi haƙuri, na miƙe a ƙofar masallaci na shelanta cewa ko ɗigon kayansu ba zai sake ƙetare zaurena ba. Jama'a suka naɗa ni shugaban ƙauracewa, ban nema ba, ban kuma ƙi ba.

Ranar Asabar sunan jikana. Na sayi katan-katan na lemon Sanyi Ƙalau da ruwan Dutsen Arewa, domin tarihi ya shaida cewa an yi suna a Ƙanƙara ba Zakara.

Naka cikin girmamawa,
Malam Mas'udu

Faskari, Talata

Ranka shi daɗe, Sarkin Yaƙin Kwalbati.

Muna lahiya. Kahin ka kira tarihi, ka juya gorar Sanyi Ƙalau ka dubi gindinta. Wanga ɗan tsuntsu da ka gani ba tattabara ba ne. Zakara ya saye su bara. Ruwan Dutsen Arewa ma ɗiyarsu ce. Har biskit ɗin da kake jiƙawa a shayi kana wa mutane lacca, a Yankara mota guda ke sauke su. A gaida Hajiya, ka ce ina taya ta haƙuri da kai.

Almu

Ƙanƙara, Laraba

Alhaji Almu,

Bayan gaisuwa a taƙaice, domin raina a ɓace yake. Na juya gorar. Na juya duk abin da ke shagon Mamuda, har ya roƙe ni in fita. Mai lemu, mai abarba, mai madara, har wani mai sunan Larabci da na ɗauka daga ƙasa mai tsarki yake: kowanne da zakara a ƙarƙashinsa. Wannan ba kamfani ba ne, dangi ne. Mamuda kuma ya ƙi karɓar kayan da na mayar.

Amma ban faɗi ba. Na aika wa Goggo Barakatu a Sabuwa ta haɗo zoɓo da kunun aya. Yakuwar gonarta ce, citta daga kasuwar Damari, ruwan rijiya. Ka nuna mini reshensu a nan, in ka isa.

Naka, wanda bai karaya ba,
Malam Mas'udu

Faskari, Lahadi

Shugaba,

Barka da taro, Allah shi raya Adnan. Zoɓo ya yi daɗi, jawabinka ya fi shi tsawo. Na so in yi maka magana jiya, ka ɗaga mani hannu wai kana tsakiyar tarihi. Goggo ta wanke gorunan da ta tsinto, ta ɓare takardunsu tas, Allah shi saka mata. Sai dai tambarin ba a takarda yake ba. Da ka gama cewa “yau mun 'yantu”, ka kafa kai ka ɗaga gora sama, liman da duk sahun gaba gindinta suke kallo. Dariyar da ka ji ba ta murna ba ce. Yara kuwa tun daga tasha nake jin suna ƙiƙiriƙi.

Almu

Ƙanƙara, Litinin

Almu,

Gaisuwa. Kwamitin ƙauracewa ya zauna ba tare da ni ba. Kwalbati na nan yadda yake. Ka sayo mini ƙoƙon duma a kasuwar Yankara, kuma don Allah ka juya shi kafin ka biya.

Mas'udu